KULA DA FUREN AIRIS BAYAN YA GAMA FURE

GABATARWA

Masu lambun furanni da yawa, da ma'aikatan da ke kula da harabar ofisoshi da makarantu da asibitoci, suna da kuka iri ɗaya game da wani fure da ake kira airis. Mutum zai sayo shi da tsada, ya dasa, ya yi ta wahalar ban ruwa. Shekarar farko ya yi fure gwanin ban sha'awa. Shekara ta biyu furen ya ragu. A ta uku sai ganye kawai, kafin a ankara tsakiyar shukar ta zama fili, abin da ya rage kuwa ya ruɓe. Daga nan sai a ɗora laifi a kan iri, ko a ce mai sayarwa ya yi ha'inci.

Sau da yawa irin lafiyarsa lau. Abin da ke kashe airis shi ne abin da aka yi masa, ko abin da aka ƙi yi masa, a makonnin da ke bin bayan fure. An shirya wannan ɗan littafi domin a bayyana wa jama'a dalilin haka, da matakan da za a bi don shuka ɗaya ta yi shekaru tana fure, har ta hayayyafa a sami na dasawa da na sayarwa.

MENE NE AIRIS?

Sunan ya fito daga harshen Girka, ma'anarsa bakan gizo, saboda yawan launukan furen. Larabawa suna ce masa sausan. Akwai kimanin iri 300 nasa, asalinsu kuwa ƙasashen da ke da sanyin hunturu ne, watau Turai da Asiya da Amurka ta Arewa da bakin Bahar Rum. Ƙasar Jodan ta ɗauki baƙin airis ya zama furen ƙasarta. A Italiya da Maroko ana noma wasu irinsa saboda saiwarsu, wadda ake shanyawa a ajiye shekara uku ko fiye kafin a fitar da turare mai tsada daga cikinta.

Wanda aka fi dasawa a lambu shi ne airis mai gemu. Ganyensa dogo ne mai faɗi kamar takobi, yana fitowa a jere kamar mafici. Furen yana da kunnuwa shida, uku a tsaye, uku sun sunkuya, kuma a kan kowane sunkuyayye akwai ɗan gashi, shi ne gemun. Fure ɗaya yakan yi kwana uku ko kusa da haka, amma kara ɗaya yana ɗauke da furanni da yawa masu buɗewa bi da bi, har mako biyu.

Ko da yake baƙo ne a nan, yana da dangi a dajinmu. Rumana, wadda ke fitowa da damina a ƙasar Hausa, zuriyarsu ɗaya da airis.

ABIN DA KE FARUWA A GINDIN SHUKA

Wanda ya fahimci wannan sashe ya fahimci aikin duka. Airis mai gemu yana da wata saiwa mai kauri da ke kwance a saman ƙasa, kamanninta kamar citta mai yatsu. A nan za mu riƙa kiranta saiwa, siraran da ke fita daga ƙarƙashinta suna shiga ƙasa kuma mu kira su jijiyoyi. Saiwar nan ita ce rumbun shuka, a cikinta take tara abinci.

Kowace saiwa sau ɗaya tak take fure a rayuwarta. Duk wanda ya taɓa noman ayaba ya san wannan hali. Uwar ayaba takan yi nono ɗaya, daga nan aikinta ya ƙare, sai 'ya'yan da suka tsiro a gindinta su gaje ta. Haka airis yake. Da uwar saiwa ta gama fure, sai ta juya ga renon 'ya'ya biyu ko uku ko fiye da ke fitowa a gefenta. Waɗannan 'ya'ya su ne za su yi furen baɗi. Ita kuwa uwar a hankali take tsufa, ta bushe ko ta ruɓe.

Saboda haka idan aka ga tsohuwar saiwa ta ƙi sake fure, wannan ɗabi'arta ce, babu abin tsoro. Abin lura shi ne lafiyar 'ya'yan. In sun sami rana da sarari da abinci, shuka za ta ci gaba. In ba su samu ba, za su tsumbure, kuma ranar da uwa ta mutu babu magaji. Duk shawarwarin da ke biye manufarsu ɗaya ce, watau 'ya'yan nan su ƙoshi kafin uwarsu ta ƙare.

AIKIN DA ZA A YI DA ZARAR FURE YA ƘARE

Na farko, a yanke karan fure. Idan fure na ƙarshe ya yi yaushi, a sa wuƙa mai kaifi a yanke karan daga can gindinsa, dab da saiwa. A yi wannan da safiyar ranar da babu alamar hadari, don wurin yankan ya bushe kafin dare. Amfanin yankewa biyu ne. In an bar karan zai yi kwanson iri, ya janye abincin da ya kamata 'ya'ya su samu. Har ila yau kara mai ruɓewa hanya ce da cuta ke bi ta gangara cikin saiwa.

Na biyu, kada a taɓa ɗanyen ganye. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Mai lambu ya ga fure ya ƙare, sai ya ɗauko almakashi ya aske ganyen duka don wuri ya yi tsabta. Ganye kuwa shi ne madafar shuka. Da hasken rana yake haɗa abincin da ake turawa cikin saiwa. Wanda ya aske ganye bayan fure kamar wanda ya rushe murhu ne alhali yara suna jiran tuwo. Ganyen da ya bushe ko ya yi rawaya ko ya kamu da cuta kaɗai za a cire.

Na uku, a tsare tsabtar gindi. A cire ciyawa da hannu, gama fartanya tana sarar saiwa da jijiyoyin da ke kusa da sama. A kwashe busassun ganyaye. Kada a lulluɓe saiwa da ciyawa ko ɓuntu ko dusar katako kamar yadda ake yi wa wasu shuke-shuke don riƙe laima. Bayan saiwar airis yana son rana da iska.

Na huɗu, a rage ruwa. Airis mai gemu da ya kafu yana jure fari ƙwarai, abin da ba ya jurewa shi ne zama cikin laima. A bari ƙasa ta bushe kafin a sake ban ruwa, kuma a zuba ruwan a gefe, kada a kwarara shi a kan saiwa ko cikin tsakiyar ganye.

Na biyar, a ba shi taki kaɗan. Kimanin wata ɗaya bayan fure, a barbaɗa ɗan takin supa ko garin ƙashi a kewayen shuka, tazarar tafin hannu daga saiwa, sa'an nan a ba da ruwa. A guji takin yuriya da ɗanyen kashin kaji ko na shanu. Irin wannan taki yana sa ganye ya yi yabanya, saiwa ta yi taushi, ruɓa ta sami ƙofa, fure kuwa ya ragu. In kamfa kaɗai ake da shi, a sa kaɗan ƙwarai, kada kuma ya taɓa saiwa.

RABA SAIWA

Ko an yi duk abin da aka ambata, bayan shekara uku zuwa biyar shuka za ta cunkushe. 'Ya'ya suna haifar 'ya'ya, suna hawa kan juna, suna matsawa waje, tsakiya ta cika da tsofaffin saiwoyi marasa ganye. Alamar lokacin rabawa ya yi ita ce fure ya ragu, tsakiya ta yi sanƙo, saiwoyi suna turo juna sama.

A Turai da Amurka airis mai gemu yana fure ne daga Afrilu zuwa Yuni, ana kuma raba shi mako shida zuwa takwas bayan fure, watau daga Yuli zuwa Satumba. A nan ƙasar waɗannan watanni su ne tsakiyar damina, yanka saiwa a lokacin kuwa gayyatar ruɓa ne. Don haka a kiyaye ƙa'ida biyu: a bar aƙalla mako shida bayan fure, kuma a jira ruwa ya ɗauke ko ya yi sauƙi. Ga yadda ake yi:

1. A sa shebur nesa kaɗan da gindi a ɗago shukar gaba ɗaya, a kakkaɓe ƙasa.

2. A ware 'ya'ya daga uwa da wuƙa mai kaifi. Kowane yanki ya kasance da saiwa mai tauri wadda kaurinta ya kai babban yatsa, da ganye mafici ɗaya, da jijiyoyi masu rai.

3. A zubar da tsohuwar uwa, da duk saiwar da ta yi taushi, ko take wari, ko take da rami.

4. A rage ganyen kowane yanki ya koma santimita 15, watau inci 6. Wannan ne kaɗai lokacin da ya halatta a yanke ɗanyen ganye, domin jijiyoyin da aka tumɓuke ba za su iya shayar da dogon ganye ba, iska kuma za ta riƙa girgiza dashen.

5. A shanya yankunan a inuwa mai iska kwana ɗaya ko biyu don bakin yanka ya bushe. Ana iya barbaɗa masa garin farar wuta.

6. A zaɓi wurin da ke samun rana aƙalla awa shida a yini, wanda ruwa ba ya kwanciya. A yi kunya ko tudu, kada a dasa a fangali. In ƙasar laka ce, a gauraya ta da yashi mai tsakuwa da ruɓaɓɓen taki da ya daɗe.

7. A haƙa rami marar zurfi, a tara ɗan tudu a tsakiyarsa, a ɗora saiwa a kai kamar sirdi a bayan doki, jijiyoyi su sauka dama da hagu. A rufe jijiyoyi a danne sosai, a bar bayan saiwa a fili. Inda rana take da zafi ƙwarai a yayyafa masa ƙasa wadda ba ta wuce santimita 2 ba.

8. A bar tazarar santimita 30 zuwa 60 tsakanin dashe da dashe.

9. A ba da ruwa nan take, a ci gaba da bayarwa jefi-jefi har sabon ganye ya fito daga tsakiya. Daga nan a rage.

A lura da mataki na bakwai da kyau. Binne saiwa da zurfi kamar doya ko rogo yana daga cikin manyan dalilan da ke hana airis fure, yana kuma ruɓar da shi. A sani kuma wani dashen ba zai yi fure a shekarar farko ba, sai ta biyu. Kada a tumɓuke shi don gajen haƙuri.

CUTA DA ƘWARI

Babbar abokiyar gabar airis ita ce ruɓar saiwa, wadda ƙwayar bakteriya ke haddasawa. Tana shiga ta wurin rauni, tana kuma yaɗuwa lokacin zafi da laima. Alamarta ita ce ganye ya yi rawaya daga gindi ya faɗi, in an taɓa saiwa a ji ta yi laushi kamar dafaffen dankali, tana ɗoyi. Da an ga haka kada a jira. A tone saiwar, a kankare ruɓaɓɓen wurin da cokali ko wuƙa har a kai ga farin nama mai tauri. A jiƙa ta 'yan mintoci a ruwan bilic, kashi ɗaya na bilic cikin kashi tara na ruwa, a ɗauraye, a shanya kwana biyu, sa'an nan a dasa a sabon wuri. A wanke wuƙar da ruwan bilic ɗin kafin a taɓa wata shuka da ita. Ruɓaɓɓen kuwa a ƙone shi, kada a jefa shi cikin ramin taki.

Akwai kuma ciwon ɗigon ganye, wanda ke fitowa kamar tabo ruwan ƙasa lokacin ruwa. Ba ya kashe shuka farat ɗaya, amma in ya yi yawa yana cinye ganye, saiwa ta rame shekara bayan shekara. Maganinsa a cire ganyen da ya kamu a ƙone, a ba shuka sarari iska ta ratsa, a daina watsa ruwa a kan ganye.

Darɓa tana tsotson ganye, tana kuma ɗaukar cuta daga wata shuka zuwa wata. Ana wanke ta da ruwan sabulu marar ƙarfi. Katantanwa tana cin ganye da dare, sai a tsince ta da sassafe.

A gabashin Amurka ta Arewa akwai wata tsutsa da ta addabi masu lambu. Wani malam-buɗe-littafi na dare ne ke yin ƙwai a busasshen ganyen airis, tsutsar ta ƙyanƙyashe, ta huda ganye ta gangara cikin saiwa ta cinye cikinta, ruɓa ta biyo baya. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa ake binciken tsirrai kafin su shigo ƙasa.

AIRIS A NIJERIYA

Ya kamata mai saye ya san gaskiya tun kafin ya fitar da kuɗinsa. Airis mai gemu yana bukatar sanyi na makonni kafin ya ɗauki fure. A wurare masu zafi kamar Sakkwato da Maiduguri, ko masu zafi da laima kamar Legas da Fatakwal, saiwar da aka kawo daga waje tana iya yin fure sau ɗaya da ƙarfin da ta zo da shi, daga nan sai ganye. Wuraren da suka fi dacewa a gwada shi su ne tuddai masu sanyi, kamar Jos, wadda tsayinta ya kai kimanin mita 1,200 daga teku, da tsaunin Mambila da na Obudu. Ko a can ɗin ma ruwan Yuli da Agusta yana da yawa, don haka tudu mai tsayi ko tukunya mai huji a ƙasa, wadda za a iya janyewa ƙarƙashin rumfa, ita ce dabara.

Akwai 'yan'uwansa da suka fi jure zafi, kuma sau da yawa da sunan airis ake sayar da su. Kowane da irin kulawarsa bayan fure, don haka a tambayi mai sayarwa wanne ne.

Airis na Afirka asalinsa kudanci da gabashin Afirka ne. Ganyensa siriri ne, ba ya bushewa duk shekara. Mai farin fure da ɗigon rawaya yana sake fure a kan tsohon kara, saboda haka shi kam kada a yanke karansa, a tsinke kwanson iri kawai. In ya cunkushe a raba shi da farkon damina.

Airis mai tafiya daga Amurka ta Kudu da ta Tsakiya ya fito, yana son inuwa da ƙasa mai danshi. Furensa yini ɗaya yake yi. Bayan fure sai ɗan tsiro ya fito a kan karan, nauyinsa ya sunkuyar da karan har ƙasa, ya kafa jijiya a can. Wanda ya yanke karan ya yanke ɗan. A bari ya kafu tukuna, sa'an nan a raba shi da uwa.

Airis mai zanen damisa na gabashin Asiya ne, furensa ruwan lemo da jajayen ɗigo, 'ya'yansa baƙaƙe masu sheƙi. Ba ya daɗewa sosai, shekaru kaɗan yake yi. Shi ana barin kwanso ɗaya ko biyu su nuna, a shuka irin, don a sami magaji.

Airis mai albasa, wanda ake kira na Holan, gindinsa kamar albasa yake. Bayan fure a bar ganyen ya yi rawaya ya bushe da kansa, sa'an nan a tone albasar, a shanya a inuwa, a ajiye wuri mai sanyi da iska. Haka ma ake yi wa rumana ta lambu, wadda kowace shekara sabon gindi ke fitowa a kan tsohon.

GARGAƊI

Saiwar airis tana da dafi. Wanda ya ci ta zai yi fama da ciwon ciki da amai da zawo, ruwanta kuma yana sa wa wasu ƙaiƙayin fata. Da yake ta yi kama da citta, kada a shanya ta inda ake shanya kayan miya, kada kuma a bar ta inda yara za su kai hannu. Saiwar da aka zubar a ƙone ta ko a binne, domin tana cutar da awaki da tumaki da shanu da karnuka. A wanke hannu da sabulu bayan aiki. In yaro ya ci, a kai shi asibiti nan da nan tare da guntun abin da ya ci.

Duk mai niyyar shigo da saiwa ko albasa ko iri daga wata ƙasa, lalle ne ya nemi izni daga hukumar NAQS, wadda ke binciken tsirrai da dabbobi a tashoshin jiragen sama da na ruwa da kan iyaka, ya kuma zo da takardar shaidar lafiyar tsiro daga ƙasar da ya sayo. Saiwa ɗaya da aka ɓoye cikin jaka tana iya shigo da cutar da za ta wuce lambun fure ta faɗa gonakin jama'a.

A TUNA

Uwar saiwa sau ɗaya take fure, 'ya'yanta ne furen baɗi. A yanke karan airis mai gemu, a bar masa ganyensa. A bar bayan saiwa a fili. A rage ruwa, a guji yuriya da ɗanyen taki. A raba shuka duk shekara uku zuwa biyar. Da an ji warin ruɓa a tone a kankare, gama rigakafi ya fi magani.

Wanda ya kiyaye waɗannan, saiwa ɗaya da ya saya bana za ta cika masa kunya guda cikin 'yan shekaru, har ya ba maƙwabci. Mai neman ƙarin bayani sai ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa ko ofishin aikin gona na ƙaramar hukumarsa.